Kwaskwarimar sabuwar motar gudu: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin waɗanda suka sayi motar gudu mai ƙofa biyu, irin su Ford Mustang, Chevrolet Camaro, Dodge Challenger, Toyota 86 da Mazda MX-5, suna son yi mata ɗan ado ba tare da an taɓa inji ba. Yawancin irin waɗannan motoci da ake gani a Abuja da Kano da Kaduna an hau su a Amurka ko Turai kafin su sauka a Legas ko Kwatano, don haka amsoshin sun fi karkata ga mai irin wannan mota. Ba a sa farashi ba, domin kusan duk kayan daga waje suke zuwa, kuɗinsu kuma dala yake bi.

Wane aiki ne ake kira ƙaramar kwaskwarima?

Duk abin da za ka iya cirewa gobe motar ta koma yadda ka same ta. Ledar da ake manna wa jikin mota, sitika, sabon rim, shimfiɗar ƙafa, gogen fitila, fiffiken da aka manna da tef, duk suna ciki. Da zarar aiki ya kai ga huda ƙarfe, yanke bamba, yanke waya ko fesa fenti a kan na kamfani, to ya tashi daga ƙarami komai arahar sa. Da wannan ma'auni aka auna duk amsoshin da ke ƙasa.

Yau na karɓi motar. Da me zan fara?

Da haƙuri. Ka hau ta kamar wata guda yadda take. A cikin watan nan za ka san ko cikinta yana gogar tudun rage gudu na unguwarku, ko tana shiga get ɗin gidanka ba tare da bamba ta taɓa ƙasa ba, ko fitilunta suna haska hanya da dare. Abubuwa da dama da mutum ke mararin saya a makon farko, kafin wata ya ƙare sun fita daga ransa.

Sannan gyara yana gaba da ado. A duba birki, a duba taya, a canja baƙin mai, a tabbatar babu fitilar gargaɗi da ke ci a dashbod. Bayan haka sai wanki mai kyau da goge fenti da goge fitilu. Waɗannan ukun kaɗai suna sauya kamannin mota fiye da yawancin abin da ake mannawa a jikinta. In ka ga dama ka ci gaba, tsarin shi ne: gogen fenti, sai leda ko abin kare fenti, sai gilashi, sai rim. Ba a manna komai a kan fentin da ba a gyara ba, domin duk ƙarcen da ke ƙasa nan zai zauna.

Yaya zan gane ko an taɓa yi wa motar fenti?

Wannan tambaya ta fi muhimmanci fiye da yadda ake ɗauka, saboda amsarta ce za ta faɗa maka ko motar za ta ɗauki leda da folish. Motoci da yawa daga Amurka a kasuwar gwanjon motocin da suka yi haɗari ake sayo su, irin su Copart da IAA, a gyara su a can ko a nan. Fara da lambar VIN, mai haruffa da lambobi 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Da ita ake neman tarihin mota a shafuka irin su Carfax, wani lokaci ma har hotunanta na ranar gwanjo sukan fito.

Sai ka fito da motar rana, ka tsuguna a gefenta ka kalli jikin a karkace. Fentin kamfani yana da laushin fuska iri ɗaya daga gaba har baya. Inda aka sake fesawa yakan yi gurji-gurji fiye da maƙwabcinsa, ko ka ga 'yar ƙura ta daskare a ciki. Buɗe ƙofa ka bi bakin roba da yatsa: idan akwai kaifin layi inda aka manna takarda lokacin fesawa, za ka ji shi. Duba kan kusoshin da suka riƙe bonet da fenda, in fentinsu ya ɓare, an taɓa kwance su.

Masu gogen mota na ƙwarai suna da ɗan na'urar auna kaurin fenti. Na kamfani yawanci yana tsakanin maikron 100 zuwa 150 (maikron dubu ne milimita ɗaya). Inda na'ura ta nuna 300 ko sama, an sake fenti, watakila har da fila, wato abin cike lotsawa, a ƙasa. Tsohuwar dabarar nan ta manna maganaɗisu ba ta aiki a ko'ina: bonet da fendojin gaba na Mustang daga 2015 alminiyom ne, haka bonet ɗin Toyota 86, maganaɗisu ba zai kama su ba ko da lafiyarsu lau.

Wane irin wanki ya kamata in riƙa yi mata?

Yawancin ƙarcen da ake gani kamar saƙar gizo a jikin baƙar mota idan rana ta haska ta, wurin wanki aka samo shi. Babban mai laifi shi ne goge ƙura da busasshen tsumma. A lokacin hunturu mota takan kwana ta tashi fari fat, yaron gida kuma don neman yabo sai ya ɗauki tsumma ya bi ta kafin ka fito. Ƙurar nan yashi ce mai laushi, kuma kowane shafi ɗaya yana barin alama. Ka hana shi da kyakkyawar magana, ka nuna masa yadda ake yi.

A fara kwarara ruwa har ƙurar ta sauka. A yi amfani da bokiti biyu, ɗaya na sabulun mota, ɗaya na ɗauraye soso, a wanke daga sama zuwa ƙasa, tayoyi da nasu soson daban. Garin sabulun wanki da sabulun kwanuka suna cinye waks, suna busar da robobi. Kada a wanke a tsakar rana, musamman da ruwan burtsatse, domin in ya bushe a jiki yana barin farin tabo mai wuyar fita; a tsane da tawul mai laushi irin na maikrofaiba nan take. Kashin tsuntsu da na jemage a cire su ranar da aka gani. Inuwar bishiya tana da daɗi, amma ga mai sabon fenti rumfa ta fi ta.

Folish, waks, seramik da PPF: mene ne bambancinsu, wanne zan yi?

Folish kankare saman fenti yake yi kaɗan don ƙarce ya ɓace. Ruwan garai-garai da ke saman fentin kamfani bai fi kaurin maikron 40 zuwa 50 ba, kuma abin da aka cire ba ya dawowa, saboda haka ba aikin kowane wata ba ne. Ka guji mai injin da zai danna a gefen bonet har launi ya fito a soso. Waks shafi ne na ɗan lokaci, a zafin nan namu makonni kaɗan yake yi. Seramik ruwa ne da ke daskarewa a kan fenti ya yi shekara ɗaya zuwa 'yan shekaru, yana sa ruwa da datti su riƙa zamewa, wanki ya yi sauƙi. Amma ba ya hana tsakuwa fasa fenti, ba ya hana makulli ƙarta, komai abin da mai tallarsa ya faɗa maka.

Abin da ke tare tsakuwa shi ne PPF, leda ce mai kauri garai-garai da kamfanoni irin su XPEL da 3M da SunTek suke yi. Tana da tsada, shi ya sa mutane da yawa gaban mota kawai suke rufewa: bamba, bonet, madubai da gefen ƙasan ƙofa. Ga motar da hancinta ke kusa da ƙasa, wadda za ta riƙa bin bayan tifa a hanyar Abuja zuwa Kaduna, wannan ne kuɗin da ya fi amfani a cikin duk abin da ke wannan shafi, duk da cewa ba wanda zai gan shi ya yaba. Sharaɗinsa ɗaya ne da na ledar launi: fentin ƙasa ya zama mai ƙarfi, kamar yadda amsa ta gaba ta yi bayani.

Ina son canja launi. Leda ko fenti?

In fentin motar na kamfani ne kuma lafiyayye, leda. Tana ba ka launin da kake so, tana kare na asali, ranar da ka gaji ka ɓare ta. Irin su 3M 2080 da Avery Dennison SW900 an san su. Matsalar tana wurin motar da aka yi wa fentin gaggawa don a sayar: ranar cire leda sai ta taho da fentin. Haka wadda saman fentinta ya fara ɓarewa a rufi da bonet, leda ba ta ɓoye wannan, sai ma ta ƙara fito da shi. Idan an yi sabon fenti, a bar shi aƙalla wata guda, wasu ma sukan ce uku, kafin a rufe shi.

Shekarun da kamfani ya rubuta a takarda ba da ranar Sakkwato ko Maiduguri aka auna su ba. Rufi da bonet da but su ke fara koɗewa saboda su ke kallon sama. In ka ga leda ta fara tsatstsagewa ko ta yi launin ƙasa-ƙasa, cire ta da wuri. In ta ƙone a jiki, guntu-guntu za a riƙa ɓantarar ta, ladan cirewa ya kusa kai na sawa. Leda marar ƙyalli tana da kyau a hoto, amma ba a yi mata folish, fetur in ya zuba mata a gidan mai yana barin tabo, kuma ƙura ta fi kama ta.

Ba dole ba ne a rufe motar gaba ɗaya. Baƙin rufi, baƙaƙen madubai, ko layi biyu daga bonet zuwa but irin na Mustang da Camaro, aikin yini ɗaya ne. Kafin ka ba da motarka, je ka ga wadda mai aikin ya yi shekara guda da ta wuce, ka duba kusurwoyin bamba da kewayen hannun ƙofa, nan ne leda ke fara ɗagowa. Ka kuma tambaye shi da me yake yanka. Mai sa reza kai tsaye a jikin mota zai bar maka layuka a fenti waɗanda ba za ka gani ba sai ranar cirewa.

Canja launi yana da wata matsala da hukuma?

Yana da ita. Takardun mota suna ɗauke da launinta, kuma jami'in da ya tsayar da kai abin da idonsa ya gani zai kwatanta da abin da ke rubuce, bai damu da cewa leda ce ba. In ka mayar da farar mota shuɗiya, je ofishin lasisi a gyara takardu, ka kuma sanar da kamfanin inshora. Layi ko baƙin rufi ba su canja asalin launin ba. Kore irin na soja kuwa a kiyaye shi: akwai doka a Najeriya da ta hana farar hula amfani da wannan launi a mota, kuma ledar kore marar ƙyalli da ake yayi tana kusa da shi ƙwarai.

Zan iya sa wa gilashi duhu?

Dokar 1991 ta hana gilashi mai duhu a Najeriya sai da izinin 'yan sanda, bisa dalilin lafiya ko na tsaro. A 2025 rundunar ta sake buɗe ba da izinin ta intanet, ƙungiyar lauyoyi ta NBA kuma ta kai maganar kotu. Saboda haka kafin ka kashe kuɗi, nemi sanarwar da ake kai a lokacin. In motar ta zo da duhunta daga waje, dokar ba ta ɗauke maka ba.

Ta fuskar aiki, ana auna leda da yawan hasken da take bari ya wuce: mai 5 cikin ɗari baƙa ce ƙirin, mai 35 matsakaiciya, mai 70 kusan ba a gane an sa. Motar gudu dama gilasanta ƙanana ne, ganin baya a Camaro ko ba duhu aiki ne, to ina ga an rufe da mai 5, ga dare, ga masu babur ba fitila. In zafi ne damuwarka, ba duhu ke tare shi ba, ingancin ledar ne. Irin ta seramik mai haske ta fi baƙar mai araha rage zafi. Mai arahar ce kuma kake gani ta koma shunayya ta yi ƙuraje.

Abu biyu da suka shafi irin waɗannan motoci musamman. Ƙofofinsu ba su da firam a saman gilashi, shi ya sa a yawancinsu idan ka buɗe ƙofa gilashin yake ɗan sauka da kansa, in ka rufe ya koma. Ledar da ba ta bushe ba za ta iya naɗewa daga baki saboda wannan motsi, don haka a rage buɗe-buɗe, kada kuma a sauke gilashi har kwana uku zuwa biyar. Na biyu, siraran layukan da ke jikin gilashin baya na kore raɓa ne. Mai cire tsohuwar leda da reza zai tsinke su. Da tururi ake cire ta.

Fitilun gaba sun yi rawaya, sai na sayi sababbi?

Ba lallai ba. Murfin fitilar roba ce mai suna folikabonet, rana ce ta cinye shafin da ke kare ta. Ana gurje ta da sanfefa da ruwa, daga mai kaushi kamar 800 har zuwa 3000, a goge, sannan a sa sabon shafi mai tare hasken rana. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ake yawan tsallakewa, kuma in aka tsallake shi, bayan 'yan watanni rawayar za ta dawo fiye da da. Man goge baki da ake ta faɗa yana haskaka ta na kwana biyu ne kawai. In hazon daga ciki yake, ko ruwa na taruwa, to fitilar ta tsage ko robar bakinta ta saki, gogewa ba za ta yi magani ba.

Ƙwan LED fa, da baƙanta fitilun baya?

A cikin mota da kan lamba, sa LED ba laifi. A fitilar gaba da aka ƙera don ƙwan halojin kuwa, sau da yawa hasken watsewa yake yi: kai ka ga fari tas a gabanka, mai zuwa ya makance, nesa kuma ba ta haskaka ba. In ka sa, tsaya gaban bango da dare ka ga ko hasken yana da yankakken layi a sama. In babu, mayar da na da. Fitila mai walƙiya ja da shuɗi ta jami'an tsaro da motar asibiti ce.

Baƙanta fitilun baya ban ba da shawararsa ba ko kaɗan. Motarka gajeriya ce, direban tirela daga sama yake hango ka, fitilar birkin nan ita kaɗai ke gaya masa ka tsaya. In dai sai ka yi, leda mai ɗan hayaƙi-hayaƙi, ba fenti ba.

Na ga rim mai kyau a kasuwa. Yaya zan san zai shiga motata?

Ba da ido ake ganewa ba, da lambobi ne. Na farko tsarin ramukan noti, wato yawan ramukan da faɗin da'irar da suke kai a milimita: Mustang da Nissan 370Z 5x114.3 ne, Camaro daga 2010 5x120, Challenger 5x115, Toyota 86 da Subaru BRZ 5x100, MX-5 ta 2015 zuwa sama 4x100, Mercedes 5x112. Lura da 114.3 da 115: bambancin bai kai milimita ɗaya ba, rim ɗin zai shiga, mai sayarwa zai rantse maka daidai ne, amma notin ba zai zauna a tsakiyar raminsa ba. Kada ka yarda.

Na biyu ramin tsakiya, wanda ke zama a kan cibiyar wili: na Mustang milimita 70.5 ne, na 86 kuma 56.1. Rim mai rami babba yana buƙatar zobe da zai cike giɓin, in ba haka ba sitiyari zai riƙa rawa da an ɗauki gudu. Na uku lambar da ake rubutawa bayan haruffan ET a bayan rim, ita ke nuna yadda zai shige ciki ko ya fito waje. In ya fito da yawa taya za ta gogi fenda, in ya shige zai taɓa kalifa, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, musamman a motocin da suka zo da manyan birkin kamfanin Brembo. A gwada ɗaya a gaba, a juya sitiyari har ƙarshe hagu da dama kafin a biya.

Ɗaurin noti ma da awonsa: Mustang ta 2015 zuwa 2023 tana son kusan Nm 204 (Nm ma'aunin ƙarfin ɗauri ne), Toyota 86 kuma 120. Mai faci da ke hawa kan sifana da ƙafa zai iya tsinke kusar wilin Toyota 86. Nemi mai sifana mai awo, a sake dubawa bayan tafiyar kilomita kamar 100.

In ƙara girman rim zuwa inci 20?

Lissafin ga shi. Dole tsayin taya gaba ɗaya ya tsaya kusa da na asali, kada bambanci ya wuce 3 cikin ɗari, don kada agogon gudu ya yi ƙarya. Ke nan duk incin da rim ya ƙaru, daga naman taya aka cire shi. A Mustang, taya 235/55R17 tana da gefe mai tsayin kusan milimita 129. 255/40R19 tana da 102. 265/35R20 kuma 93. Wannan naman shi ke tsakanin rim ɗinka da bakin rami. A titunan tsakiyar Abuja 20 za ta yi. Ga mai shiga unguwanni da damina, 18 ko 19 sun fi kwanciyar hankali. Toyota 86 dama da 215/45R17 ta zo, gefenta bai kai milimita 100 ba, babu abin ragewa sosai.

In za ka sayi taya, karanta lambobi huɗu na ƙarshen layin da ya fara da DOT a gefenta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Tayar da ta haura shekara shida, ko da zanenta bai ci ba, ba ta dace da mota mai wannan gudu a kwalta mai zafi ba.

Ba zan iya fenta rim ɗin da ke jiki ba kawai? Kalifa fa?

Za ka iya, kuma sau da yawa shi ya fi, tun da rim ɗin kamfani ya fi yawancin na kasuwa ƙarfi. A cire taya, a gyara inda ya gogi gefen titi, a fesa. Kada fenti ya hau mazaunin noti da bayan da ke haɗuwa da cibiya. Mai son gwaji ya sa fentin roba irin Plasti Dip, wanda ake ɓarewa in an gaji. Baƙin rim dai yana nuna jar ƙasa fiye da ruwan toka.

Kalifa tana son fenti mai jure zafi, a rufe faifan birki da robobi da bututun mai kafin a shafa. Murfin roba ja da ake maƙalawa a kan kalifa da sunan Brembo a jiki kuwa, bar shi a shago: yana riƙe zafi, yana iya kwancewa ya shiga tsakanin rim da birki, kuma duk wanda ya san mota daga nesa zai gane shi.

Ina son in ɗan sauke ta ƙasa, ko in sa mata leɓen bamba.

Koma amsar farko: sauke mota ya taɓa sifirin, ya canja zaman taya, yana buƙatar sabon saiti, don haka ya wuce ƙaramar kwaskwarima. Toyota 86 tsakaninta da ƙasa kusan santimita 13 ne tun daga kamfani. In ka cire biyu ko uku, akwai titunan da ka yi sallama da su.

Leɓen bamba, wato ƙarin da ake ɗaurawa a ƙasan bamba, ya fi sauƙi, amma shi ma yana cin santimita. Zaɓi na roba mai lanƙwasa irin foliyuretan, wanda in ya gogi ƙasa zai koma. Na faiba da na kabon fashewa suke yi karo ɗaya. A ɗaure shi da kusoshi ta ƙasan bamba, tef kaɗai ba ya riƙe shi a guje. Ka kuma koyi hawa tudu da gangaren get a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya.

Fiffiken but: na mannawa ko na hudawa?

Ƙarami mai kwanciya a bakin but, tef mai fuska biyu irin 3M VHB ya ishe shi, in an wanke wurin da sifirit, an danna sosai, an bar shi kwana ɗaya ba wanki. Dogon fiffike mai ƙafafu sai an huda, kuma rami a but ƙofar ruwa da tsatsa ce in ba a shafe bakinsa an toshe da kyau ba. A gudun cikin gari ba abin da yake ƙara wa mota sai kallo. Don launi ya dace, ba mai fenti lambar fentin motar, wadda yawanci ke kan sitikar jikin ginshiƙin ƙofa, amma a gwada a ɗan ƙarfe a kara da jikin motar a rana, saboda fentin da ya sha shekaru ya riga ya ɗan sauya.

Yaya ake cire tambarin baya ba tare da an ɓata fenti ba?

A ɗumama shi da na'urar busar da gashi, a zura zaren kamun kifi ta bayansa a riƙa ja kamar zarto, a murje ragowar gam da yatsa da maganin cire gam. Sukudireba ba ta da aiki a nan. Wasu tambura suna da 'yan ƙafafu da suka shiga rami, in ka cire sai ramuka su bayyana, saboda haka leƙa ta cikin but tukuna. A tsohuwar mota kuma inuwar tambarin takan zauna, don fentin ƙarƙashinsa bai sha rana ba. Folish yana rage ta.

Manna tambarin babban inji, 5.0 a jikin Mustang mai ƙaramin injin EcoBoost 2.3, ko SS a Camaro mai V6, kowa da ra'ayinsa, amma da ka tayar da inji magana ta ƙare.

A cikin mota me zan iya canjawa?

Kan giya, fitilun ciki, ledar ado a kan robobin dashbod, sabon ɗinkin fata a sitiyari, duk ba matsala. Abin da ya fi amfani ma shi ne mafi araha: abin tare rana na gilashin gaba, wanda ke hana dashbod tsagewa. A bar shafa man ƙyalli a dashbod, yana haska gilashi yana jan ƙura.

Uku ne ke da haɗari. Rigar kujera: jakar iska ta gefe a cikin kujerar take, rigar da ba a yi mata wurin fashewa ba za ta tare ta. Sitiyarin tsere: in ka sa shi ka rabu da jakar iskar direba da maɓallan da ke jiki. Sai shimfiɗar ƙafa: ta zama mai shiga maƙallanta, kuma kada a ɗora wata kan wata. A 2009 Toyota ta janye motoci kusan miliyan 3.8 a Amurka saboda shimfiɗa na iya danne totur. Tambarin ƙarfe ko duwatsun ado da ake mannawa a tsakiyar sitiyari su ma a cire, ranar da jakar iska ta fashe fuskarka za su nufa.

Zan iya sa wa lamba murfi ko in canja mata fasali?

Firam siriri da bai rufe ko harafi ɗaya ba, babu laifi. Murfi mai duhu, lanƙwasa lamba, ko buga wata a shagon sitika, duk jami'an hukumar kiyaye haɗura ta FRSC suna kamawa. Mai son lamba da sunansa akwai hanyar neman ta a hukumance. Motocin da suka fito daga jihohin Amurka da ba sa tilasta lambar gaba sukan zo ba mazauninta a bamba; kafin a huda, duba ko akwai maƙalli da ake ɗaurawa a ƙasan bamba ko a ramin ƙugiyar ja, in motar tana da shi.

A ina zan sayi kayan, kuma yaya zan kauce wa jabu?

Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja da Ladipo a Legas duk ana samun kaya, sai dai na irin waɗannan motoci ba su da yawa kamar na Corolla da Camry, sau da yawa sai an yi oda. In za ka yi oda, ba da shekara da samfuri daidai, don kamfani yakan sauya fuskar mota a tsakiyar zubi ɗaya: bambar Mustang ta 2015 zuwa 2017 daban take da ta 2018 zuwa 2023, haka 86 ta sauya a 2017.

Araha ba ta ado. Ledar kirki tana da sunan kamfani a takardar bayanta, ka ce a nuna maka naɗin kafin a yanka. Rim ɗin da ke ɗauke da sunan babban kamfani amma kuɗinsa bai kai rubu'in na gaske ba, kwaikwayo ne, kuma a rami ake gane bambancin: na ƙwarai yakan lanƙwashe, na jabu ya tsage. Rim na hannu kuma a ɗora shi a injin balansin a ga juyawarsa, a duba ciki ko an taɓa yi masa walda.

Kwaskwarimar za ta ƙara wa motar daraja ranar sayarwa?

Da wuya. Dillali ba ya biyan kuɗin abin da ka ƙara, wani lokaci ma da shi zai rage maka, don mai saye in ya ga leda tunaninsa na farko shi ne me aka ɓoye. Abin da ke riƙe kuɗin mota shi ne fentin kamfani mai lafiya da ciki mai tsabta. Saboda haka ɗauki hotunan motar ta kowane gefe kafin a rufe ta da leda, da kwanan wata, ka ajiye rasit ɗin aikin. Duk abin da ka cire, rim ne, tambari ne, ƙwan fitila ne, kan giya ne, sa shi a kwali ka rubuta suna. Ranar sayarwa ka mayar da na asali, sababbin kuma ka sayar da su daban ga mai irin motar.